Wankin Kawu Uku da Amanar Marayu

Haƙƙi biyu Kawu yake da su a wuyana. Na farko haƙƙin jini ne, domin wan mahaifiyata ne, kuma shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina har na kammala karatu. Na biyu haƙƙin aiki ne, domin ni ne magatakardan ƙungiyar 'yan kasuwar yadi ta unguwarmu a Fagge, wadda ya yi wa hidima a kwamitin amintattu har ranar da aka sauke shi. A haƙƙin jini na yi abin da ya sauwaƙa: na shiga cikin masu wanka, na kama makara, na zuba ƙasa. Haƙƙin aiki shi ne ya rage, shi ne kuma dalilin wannan rubutu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Kawu ya riga mu, Allah Ya sa kwanciya hutawa ce.

Da hantsi ya rasu, bayan gajeriyar jinya. Da aka zo batun likkafani, ƙanensa, wanda muke kira Kawu Ƙarami, ya ciro makulli ya ce a je shago a yanko yadi. Sai Inna, matar marigayin, ta aiko daga cikin gida cewa a dakata. Jim kaɗan aka fito da wani ƙunshi da ta ciro daga ƙasan akwati. Farin yadi ne, an riga an yanka shi, an ninke shi ninkin shago. Kawu Ƙarami ya karɓa, hannunsa ya yi abin da hannun ɗan kasuwa ya saba yi ba tare da an sa shi ba: ya murza gefen yadin a tsakanin yatsu. Ya sake murzawa. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ya wanke shi," in ji shi. "Babu ko ɗigon sitaci."

Ya zauna a ƙasan soro da likkafanin a cinya, ya yi kukan da ban taɓa ganin dattijo ya yi ba. Babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Duk wanda ke wurin ya san ma'anar abin da ya faɗa.

A zaman makoki mutane sun zo daga Fagge, da Kwaciri, da cikin gari, da Sabon Gari. An faɗi alheri mai yawa, kuma gaskiya aka faɗa. Amma akwai wata magana da na ji fiye da sau ɗaya, ana yin ta da murya ƙasa-ƙasa, cikin sigar tausayi: "Allah Ya jiƙan Alhaji. Mutumin kirki ne, sai dai tsufa ya ɗan taɓa shi a ƙarshe." Ina zaune ina karɓar gaisuwa, ba wurin gardama ba ne, sai na haɗiye.

Wanda bai haɗiye ba shi ne aminin Kawu, wani dattijo ɗan ƙabilar Ibo, haifaffen Sabon Gari, wanda suka yi aikin banki tare tun suna samari. Lokacin sallar jana'iza ya tsaya a tsallaken titi da hularsa a hannu, ya kuma bi mu har bakin maƙabarta. Yana zaune kusa da ni a kan tabarma lokacin da wani ya maimaita maganar tsufan. Ya juya a hankali, ya dubi mutumin.

"Tsufa ya taɓa gwiwarsa, wannan na shaida," ya ce. "Kansa kuwa, malam, ka roƙi Allah Ya ba ka rabin na wanda aka binne jiya."

Daga ɓangaren mata kuma aka ce wata tana son ganina. Alhaja ce, Bayarabiya mazauniyar Kwaciri, wadda mijinta ɗan ƙungiyarmu ne kafin ya rasu ya bar mata yara a makaranta. Ta yi mini gaisuwa, ta yi addu'a. Can ta ce, "Malam, yanzu wa zai riƙa duba mana?" Tambayarta da maganar tsufan nan, su biyun ne suka hana ni ajiye alƙalami.

Kawu ɗan mai yadi ne da aka sa a boko. Ya yi shekarunsa a banki, a sashen canjin kuɗin waje, kuma da ya yi ritaya bai nemi wani muƙami ba. Ya dawo shagon mahaifinsu ya zauna gefen ƙanensa, da tabarau mai igiya a wuya da rediyo a kan kanta. A bayan shagon ya ajiye wani ƙaramin baho na roba da guntun sabulu. Duk dilar da ta zo daga hannun da bai sani ba, sai ya sa almakashi ya yanki ƙyalle, ya biya kuɗinsa daga aljihunsa, ya wanke shi sau uku, ya shanya a kan igiya. Maƙwabta suna tsokanarsa, suna cewa ga manajan banki ya koma wanki da guga. Yakan amsa ba tare da ya ɗago ba: "Kowane yadi a kan kanta kyakkyawa ne. Ruwa ne alƙali."

Ƙungiyarmu tana da asusun marayu. Kowane ɗan ƙungiya yana zuba abin da aka yanka masa, daga ciki ake biyan kuɗin makaranta da hayar gida ga iyalan waɗanda suka rasu. Da aka ga naira tana zubewa, abin da aka tara yana ƙanƙancewa a ajiye, Kawu ne da kansa ya kawo shawarar a sa wani kaso a asusun haɗaka da ke sayen hannun jarin kamfanonin ƙasashen waje. Ya bayyana wa 'yan ƙungiya abin a sauƙaƙe. Mutane da yawa ne suke haɗa kuɗi, su damƙa wa manaja ɗaya, shi ya zaɓi kamfanonin da za a saya da waɗanda za a sayar, ya ɗauki la'adarsa duk shekara, ko an ci riba ko an faɗi. "Zaɓensa muke biya," in ji Kawu. "Saboda haka tambayarmu ɗaya ce har abada: zaɓen nasa ya kai la'adar?"

Yadda yake amsa wannan tambaya, ni ya fara koya wa, wata rana da azahar ina zaune a shago da rahoton wani asusu a hannuna ina yaba ribar da ke ciki.

"Magatakarda," ya ce, don haka yake kirana in zai tsokane ni, "ka wanke shi kuwa?"

"Kawu, takarda ce."

"Takarda ta fi yadi shan sitaci. Kawo."

Ya sa tabarau. Wanki na farko, in ji shi, shi ne a cire naira. Kamfanonin nan da dala ake sayensu. In aka rubuta maka ribar da naira a shekarar da naira ta faɗi, to faɗuwar nairar ake nuna maka, ba gwanintar kowa ba. "In ka sa dala a ƙarƙashin matashi, naira ta faɗi, ka wayi gari kuɗinka ya ƙaru, matashin ne gwani? Za ka biya shi la'ada?" Wanki na biyu shi ne a cire kasuwa. Akwai asusun da ba ya zaɓen komai, yana sayen kasuwar ne gaba ɗaya, la'adarsa kuma 'yar kaɗan. Shi ne ma'auni. In damina ta yi albarka kowane manomi gwani ne, sai an dubi gonar maƙwabci ake sanin wanda ya yi noma. Wanki na uku shi ne a cire la'ada da sauran 'yan kuɗaɗen da ake rubutawa da ƙananan baƙaƙe a ƙarshen shafi. "Abin da ya rage bayan ukun nan, shi ne launin manajan. Sau da yawa za ka ɗaga ƙyallen ka ga fari fat."

Bai tsaya a takarda ba. Yakan ce asusu ba ya zaɓe, mutum ne yake zaɓe, don haka sai ya san mutumin. Wane ne shi? Tun yaushe yake kan kujerar? Shekarar da kasuwa ta rikice ta same shi a kai, kuma me ya yi a cikinta? Yana da kuɗinsa na kansa a ciki? Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi sa baƙi masu tallar asusu gyara zama. "Mai abincin da take aika a sayo mata nata a wani wuri," in ji shi, "ni ba na zama a bencinta."

Asusun da ya yarda da shi a ƙarshe wata mata ce take riƙe da shi. Daga Legas take zuwa shekara-shekara, ta zauna a bencin shagonmu da jakarta a cinya, ta amsa tambayoyi har Kawu ya gaji. Rahotonta da dala take rubuta shi, domin haka ya nema. Akwai shekarar da ta zo da sakamako mara daɗi, ma'aunin kasuwa ya wuce ta. Wasu amintattun suka ce a janye. Ita kuwa ba ta laɓe a bayan kowa ba. Ta ce, "Baba, na yi kuskure a kamfanoni biyu. Na ɗauka bashin da ke kansu ba zai danne su ba, ya danne su. Na sayar da ɗaya, na riƙe ɗaya, ga dalilina." Bayan ta tafi Kawu ya ce wa amintattun, "Wanda ya buɗe bandir ya nuna maka inda ya yage, gobe ma a wurinsa za ka saya. Shekara ɗaya ba ta isa a yanke wa manaja hukunci ba, ko ta riba ko ta faɗuwa." Aka bar kuɗin.

Duk lokacin da rahoto ya zo, yakan aika wa iyayen marayun su zo soronsa. Inna ta shimfiɗa tabarmi ta kawo kunu. Ya karanta musu, ya fassara, ya maimaita har sai kowa ta gane. Babu dokar ƙungiya da ta ɗora masa wannan. Yakan ce mai dukiya shi ya fi cancanta ya san inda ta kwana. In an tashi, sai ya raka su bakin titi, ya tare musu ɗan sahu, ya sallami direban kafin su buɗe jaka. Alhaja ta taɓa ce masa, "Alhaji, ni ban gane dala ba, fuskarka nake karantawa." Ya ce, "Kuskure ne, Alhaja. Fuska ma tana shan sitaci. Zauna in sake yi miki bayani."

Yanzu na zo ga abin da ya faru, kuma ba zan faɗi komai ba sai abin da aka yi a bainar jama'a, a zauren taron ƙungiya, ina zaune ina rubutawa.

Bayan babbar faɗuwar da naira ta yi, wakilin wani kamfani mai ofis a Titin Ibrahim Taiwo ya nemi ganin amintattu. Kawu Ƙarami ne shugaban kwamitin, shi ya ba shi dama. Mutum ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaida dattawa, ya raba takardu masu sheƙi. A ciki an zana ribar asusunsu ta shekarun baya kamar tsani, kuma da naira aka rubuta ta. Aka ɗora ta kusa da rahoton matar nan na dala. Zauren ya ɗauki guna-guni. Wani ya ce, "Ashe mun daɗe muna barci." Wani ya ce, "Ita tana ba mu abin da bai taka kara ya karya ba, ga inda ake rabon gaske."

Kawu ya bari aka gama, sannan ya nemi izinin magana.

"An auna ɗaya da yadi, an auna ɗaya da kamu," ya ce, "kuna kuma cewa na kamun ya fi tsawo. A mayar da su ma'auni ɗaya tukuna."

Wani ɗan kwamiti, mai shago a layinmu, ya kishingiɗa ya ce, "Alhaji, kuɗin makarantar marayun nan, da dala ake biya ko da naira?"

Aka yi dariya. Kawu ya jira ta lafa.

"Da naira. Amma faɗuwar nairar da ta zana muku wannan tsanin, ita ce ta hau da kuɗin makarantar. Kuma ko a asusun da muke ciki, in kuka mayar da dalar naira, tsanin za ku gani. Ba kamfanin nan ne ya kawo shi ba."

Ya juya ga wakilin. Ya nuna masa cewa manyan kamfanonin da ke cikin asusun nasu su ne dai manyan kamfanonin ma'aunin kasuwa, kusan a jere ɗaya. Ya tambaye shi me ya sa za a biya la'adar gwani ga wanda yake kwafar abin da ake samu da araha. Wakilin ya ce akwai bambance-bambance na fasaha. Kawu ya gyaɗa kai.

"To, ɗana, wanda ya yi aikin shekarun nan da ka nuna mana, ina son in gaisa da shi. Ko ta waya ce."

"Ai tawaga ce, Baba. Aikin haɗin gwiwa ne."

"Tawagar ba ta da babba?"

"Tana da shi."

"Shi ne na shekarun nan?"

Wakilin ya dubi takardunsa. Ya ce wancan ya koma wani kamfani, amma tsarin aikin bai canza ba.

"Wanda ya gaje shi fa, sunansa? Yana da kuɗinsa a ciki?"

Ya ce zai bincika ya aiko. Har yau bai aiko ba.

Na ɗauka magana ta ƙare a nan. Amma idon mutane ya riga ya hau tsanin, ba ya son saukowa. Kawu Ƙarami ya gyara murya, ya yi magana da taushi, kuma taushin ne ya fi ciwo.

"Yaya, kai komai sai ka wanke. Wata rana za ka wanke riba ta bi ruwa. Yaran nan kuɗin makarantarsu ya fi ƙarfinmu, kullum ni ake bugo wa waya. Ka yi iya yinka. Ka huta."

"Ba kuɗina ba ne da zan huta a kansa," in ji Kawu. "Ba kuma naka ba ne."

Aka kaɗa ƙuri'a. Aka amince a kwashe dukiyar marayu daga hannun matar a mayar wa sabon kamfanin, rabi nan take, rabi daga baya. Hannu ɗaya ne ya tashi a kan ƙin amincewa. Ni ba ni da ƙuri'a, alƙalami kawai nake da shi, na kuma rubuta ƙin amincewarsa da dalilansa kalma da kalma, aka karanta a zama na gaba, aka sa hannu.

A wannan zama na gaban ne aka yi abin da har yanzu ban manta da shi ba. Ba a kore shi ba. Mu ba ma korar dattijo. An naɗa shi Uban Ƙungiya, muƙamin da ba shi da kujera a kwamiti, ba shi da ƙuri'a. Aka yi jawabai a kan hidimarsa, aka miƙa masa babbar riga mai aiki a cikin leda, aka tafa. Kawu ya miƙe da sandarsa, ya karɓa da hannu biyu, ya murza gefen rigar kamar yadda ya saba.

"Yadin mai kyau ne," ya ce. "Na gode."

Ya zauna. Inna ta shaida mini bai taɓa sa ta ba. Kafin mako ya zagayo, maganar ta bazu a kasuwa cewa Alhaji ya ruɗe, yana ganin riba ƙiri-ƙiri yana cewa sitaci ce.

Adalci ya wajaba in faɗi wannan: Kawu Ƙarami ba maci amana ba ne. Na san marayun da yake ciyarwa daga aljihunsa ba tare da ƙungiya ta sani ba. Tsoro ne ya tura shi, tsoron ranar da uwa za ta zo da takardar makaranta a ce mata babu. Ban kuma ce wakilin nan ya yi ƙarya ba, ko kamfaninsa ya ci kuɗin kowa. Ban sani ba ko sabon asusun zai yi riba ko zai faɗi. Kawu ma bai taɓa cewa ya sani ba. Abin da ya ce shi ne an damƙa amanar marayu ga mutumin da ba a san sunansa ba, bisa aikin da wani ya yi, da ma'aunin da ba daidai ba. Wannan ba maganar ruɗaɗɗe ba ce.

Bayan haka 'yan'uwan biyu suka ci gaba da zama a shago ɗaya. Suna gaisawa da safe, suna sallama da yamma. Amma kwanon abincin rana da suke ci tare tun suna yara ya zama biyu. Babu wanda ya ce a raba, Inna ce kawai ta lura kwanon yana dawowa da saura, sai ta rage shi zuwa na mutum ɗaya. Kawu bai ƙara ɗaga maganar a kasuwa ba. Iyayen marayu sun ci gaba da zuwa soronsa, sai dai yanzu ba a aiko masa da rahoto. Yakan ce musu, "Ku tambayi Magatakarda," ni kuma abin da ke hannuna takarda ce mai sheƙi, da naira.

Amininsa na Sabon Gari ya gaya mini cewa a watannin nan Kawu yakan je wurinsa da la'asar su zauna a gaban gida. Wata rana ya ce masa, "Alhaji, ka bar su mana. In ta fashe sa gane." Kawu ya ce, "In ta fashe, ba a kansu za ta fashe ba. Ina roƙon Allah Ya sa ni ne na yi kuskure, a yi ta yi mini dariya har in mutu." Dattijon ya share ido da ya zo nan. Ya ce, "Rabin addu'ar dai an karɓa. An yi dariyar."

Ina ɗakin ranar da Kawu Ƙarami ya zo duba shi, ana gobe zai rasu. Bayan la'asar ne. Ya zauna a bakin gado ya riƙe hannunsa. Can Kawu ya buɗe ido.

"Ka tambayi sunansa."

"Sunan wa, Yaya?"

"Wanda yake riƙe da kuɗin yaran."

"Ka warke tukuna, Yaya. In ka warke sai mu je tare."

Kawu ya yi ɗan murmushi ya rufe ido. Wannan ita ce maganarsu ta ƙarshe a duniya.

Sauran rabin dukiyar marayun an tsara za a kwashe shi a zaman da za a yi bayan sadakar arba'in. Saboda haka, a matsayina na magatakarda, kuma da sanin cewa wanda nake rubuta wa kawuna ne da ba zan iya ɗaga ido in kalla ba, ina gabatar da wannan buƙata ga Shugaba, wato Kawu Ƙarami, da sauran amintattu.

Ina roƙon a dakatar da kwashe sauran rabin har sai an yi bincike. A nemi wani masani da ba shi da alaƙa da kamfanonin biyu, ba ya kuma cin la'ada a wurin kowa, ya mayar da rahotannin biyu zuwa dala, ya gwada su da ma'aunin kasuwa, ya cire la'ada, ya faɗi abin da ya rage. A nemi sabon kamfanin ya bayyana a rubuce sunan manajan da ke riƙe da asusun yanzu, da lokacin da ya hau kujerar, da ko yana da kuɗinsa a ciki. In an sami amsa, a karanta ta a gaban iyayen marayun, da Hausar da za su gane, domin Alhaja ta yi tambaya kuma tana da haƙƙin a amsa mata.

In binciken ya nuna Kawu ne ya yi kuskure, ni da hannuna zan rubuta haka, kuma na san da yana raye da ya fi kowa murna. In kuwa ya nuna akasin haka, ina neman kwamiti ya faɗa da bakinsa, ba a zauren taro kaɗai ba, har a layin kasuwar da aka ce ya ruɗe. Mutumin da bai yarda a naɗe gawarsa a cikin sitaci ba, bai kamata a bar sunansa a cikin ƙarya ba.

Ina neman a sa wannan buƙata a farkon abin da za a tattauna a zama mai zuwa, a kuma ba ni amsa a rubuce.

Kawu Ƙarami, yatsunka ne suka fara gane likkafanin nan wankakke ne, tun kafin kowa ya faɗa. Ka yi masa alkawarin za ku je tare. Bahonsa yana nan a bayan shago da guntun sabulun a ciki. An so a ɗauke, Inna ta ce a bar shi a inda yake sai ka tambayo sunan.